Ji Ya Kori Gani

Tun asuba ruwa ke dukan kwanon masana'antar kifi a Calbuco,
dukan mai bin bashi.
Na zo da kundi mai shafi sittin da huɗu,
kowane layi da farin gurbinsa, yana jiran alƙalamina.

Can a birni, a ɗakin gwaji,
akwatin sarrafa injunan nan bai taɓa yi mana gardama ba.
Mun ba shi fitilu a madadin famfo,
makunnai a madadin ruwa,
ya amsa kowace tambaya tiryan-tiryan.
Yau an ɗaura masa wayoyi ɗari uku da 'yan kai,
kowace ta nufi lungunta cikin sanyi da gishiri.

Ximena Oyarzún na gaban allo.
Ina kiran lamba, tana dannawa,
Eliodoro na can ƙasa cikin takalmin roba, shi ne idonmu.
"Bawul na tara?"
"Ya buɗe."
"Rufe."
"Ya rufe."
Haka muka cinye safiya, har shayi ya huce a kan teburi.

Muka ɗauke wuta da gangan, mu ga ko zai farka da hankalinsa.
Ya farka.
Muka danna jan maɓalli, bel ya tsaya cak,
daƙiƙa ɗaya da rabi, na rubuta.
Muka yi wa ma'aunin tanki ƙarya, muka ce ya cika,
ƙararrawa ta kurma ihu yadda aka koya mata.

Layi na ɗari da sha bakwai, ƙarfe uku saura.
"Famfo na biyu."
Allo ya yi kore shar.
Eliodoro ya zagaya ɗauko safar hannu,
ni kuwa har na ɗora bakin alƙalami a kan gurbi.

Sai tsoho Nibaldo, wanda ba ya cikin jerin masu gwaji,
mai wanke daɓe da tiyo,
ya rufe ruwansa, ya karkata kai.
"Wannan ba na biyu ba ne.
Na biyu sai ya yi tari kafin ya tashi,
shekara ashirin da shida ina jinsa.
Wannan na uku ne, mai muryar sauro."

Manaja ya dubi agogo.
Ranar Litinin jirage za su iso da kifi tan arba'in,
kifi kuma ba ya jiran kowa.
Ya nuna allo da haɓa: ga kore, me kuma ake nema?

Muka sauka matakala goma sha ɗaya.
Na biyu na kwance, sanyi ƙalau.
Na uku na ta zuƙar tankin da babu komai cikinsa,
jikinsa har ya ɗau zafi.
Wayoyi biyu, shuɗiya da shuɗiya, an musanya musu gida
wata ranar da wani ya gaji, ko haske ya yi masa kaɗan.
Akwatin bai yi ƙarya ba,
abin da aka raɗa masa shi ya faɗa.

An ce gani ya kori ji.
Na tsaya riƙe da tocila, ina jin kunyar idona.

Minti bakwai gyaran ya ci, da sukuddireba guda.
Amma sai da muka sake bin famfunan tun daga na farko,
hannu a kan kowane ƙarfe,
don wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Da dare aka buɗe shafin ƙarshe.
Gurbi uku: mai kaya, ɗan kwangila, shaida.
Babu na mai tiyo.
A gefen layi na ɗari da sha bakwai, da ƙananan baƙi, na ƙara:
na biyu sai ya yi tari kafin ya tashi.

Na leƙa waje in nuna masa.
Ya riga ya bi motar ƙarfe tara,
tiyon na naɗe a jikin ƙusa, yana ɗiga.